Jarrabawar bakin ƙofa da ake yi wa mata masu karatun almara

Ran nan na je gidan yayata na tarar da 'yarta, wadda ke jami'a, zaune a tsakar gida da wani ƙaton littafi a cinya. The Lord of the Rings ne, littafin almara na marubucin Ingila Tolkien, bugun nan da aka haɗe kashi ukun wuri ɗaya, har bangon ya fara rabuwa saboda yawan juyi. Sai ga abokin wanta ya shigo gaisuwa. Da ya gama gaida mutanen gida idonsa ya faɗa kan littafin, ya yi murmushi ya ce, "Ƙanwata, wannan ai ya fi ƙarfinki. Ko dai fim ɗin kika kalla, kyawun Legolas ya ja ki?" Ta ce, "Yaya, karantawa nake yi." Ya ce to in da gaske ne ta faɗa masa sunan takobin Gandalf da sunan mahaifin Aragorn, biyu daga cikin jaruman littafin. Ta ce Glamdring, ta ce Arathorn, ba ta ko ɗaga kai sosai ba. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Lallai ke ba kamar sauran mata ba ce." Shi a ganinsa yabo ya yi.

Wanta yana tsaye a wurin. Shi ma kullum cikin cewa yake yana son Tolkien, alhali na san fim kawai ya kalla, littafin kuwa bai taɓa wuce bikin Bilbo da ke babin farko ba. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Wannan ɗabi'a ba a gidan yayata aka ƙirƙiro ta ba. Daga can ta taso, Ingila da Amurka, inda aka rubuta littattafan, ta biyo su har nan. A can an daɗe ana yi wa mata masu son labaran almara irin wannan jarrabawa a wuraren taro da shagunan littattafai. Wajen 2012 ma har laƙabi aka yi musu, wai masoyan bogi, 'yan matan da suka zo neman a kalle su.

Ni dai ra'ayina shi ne jarrabawar ba ta da tushe ko kaɗan. Gaskiya ne maza sun cika cikin labaran. Amma cewa labaran mallakin maza ne, wannan tarihi bai yarda da shi ba. Mata suna cikin harkar tun kafin a haifi masu tare ƙofar.

"Ai duba jaruman, duk maza ne"

Wannan ce hujjar farko, kuma ba zan yi musun rabinta ba. The Hobbit, littafin Tolkien da ke ba da labarin tafiyar Bilbo, ya fito a 1937, daga farkonsa har ƙarshe babu macen da ta buɗe baki ta yi magana. Mace ɗaya tak aka ambaci sunanta, Belladonna Took, uwar Bilbo, ita ma ta rasu kafin labarin ya fara. A The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, tawagar da ta tafi halaka zoben tsafin da labarin ke kansa mutum tara ce, duk maza.

Ruwa ba ya tsami banza. Tolkien ya rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara 12, wani limamin coci ne ya zama waliyyinsa, ya yi makarantar maza zalla a Birmingham, ya je fagen Somme na Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1916 inda biyu daga cikin aminansa suka mutu a waccan shekarar. Da ya zama farfesa a Oxford, majalisar da yake karanta wa rubutunsa, su marubuci C.S. Lewis, ba mace ko ɗaya a cikinta. Mutum abin da ya sani yake rubutawa, shi kuwa abin da ya fi sani shi ne zumuncin maza a cikin wahala.

To amma daga ina aka samo cewa sai wanda ya yi kama da jarumin labari ne ke da ikon son labarin? Babu ɗaya daga cikin masu wannan magana da yake wada mai gemu har cibiya, ko ɗan guntun mutum mai gashi a ƙafa da ke kwana a rami. Sun iya shiga zuciyar Frodo, ɗan guntun mutumin da ya ɗauki zoben, duk da haka. Abin da suke musu shi ne a ce mace ma ta iya.

Hannuwan da suka kawo mana littattafan

Nan ne nake so a tsaya, don yawancin masu jarrabawar ba su san wannan ɓangaren ba.

The Hobbit a aljihun tebur yake, ba a ma kammala shi da kyau ba, sai wata tsohuwar ɗalibar Tolkien mai suna Elaine Griffiths ta ba wata ma'aikaciyar kamfanin ɗab'i na Allen & Unwin labarinsa. Sunanta Susan Dagnall. Ita ta karɓi rubutun ta karanta, ta matsa wa farfesan ya ƙarasa shi. Labarin da aka fi yayatawa shi ne na ɗan mai kamfanin, Rayner Unwin, yaro ɗan shekara 10 da aka biya sule ɗaya ya karanta ya ba da shawara a buga. Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne. Sai dai da matan nan biyu ba su yi motsi ba, babu abin da yaron zai karanta.

Ƙungiyar masoya Tolkien ta Ingila, wadda har yau tana nan, wata dattijuwa ce ta kafa ta a 1969, Vera Chapman, tana da shekara saba'in da 'yan kai. Sunan da take amfani da shi a cikin ƙungiyar shi ne Belladonna Took, wato sunan macen nan guda da aka ambata a The Hobbit. Ita ce kuma ta nemi Tolkien a 1972 ya zama shugaban girmamawa na ƙungiyar, ya amince.

Zanen da Tolkien ya fi yabawa a kan littattafansa na Pauline Baynes ne, wadda ta fara yi masa aiki a 1949, daga nan ta zana duk littattafan Narnia bakwai na Lewis. Kundin taswirorin duniyar Tolkien da masoya ke buɗewa idan gardama ta ɓarke a kan nisan wannan gari da wancan, Karen Wynn Fonstad ce ta zana shi, ya fito a 1981. Gimbiya Margrethe ta Denmak, tun tana jiran gado, ta zana hotunan labarin ta aika wa Tolkien, aka kuma buga su a fassarar ƙasarta a 1977 da sunan aro, Ingahild Grathmer, lokacin ta riga ta zama sarauniya. Fina-finan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003, waɗanda ta hanyarsu mafi yawan samarin yau suka san akwai wani abu wai shi Mordor, ƙasar mugun sarki Sauron, manyan marubutansu uku ne: shi da Fran Walsh da Philippa Boyens.

Saboda haka duk saurayin da ya tare mace da tambayoyin tabbatar da soyayyarta ga Tolkien, ya yi daidai da sabon maigadi da ya tsayar da uwargida a ƙofa yana tambayarta wa take nema.

"To me ya sa ba mu ga sunayensu ba?"

Saboda an nemi su ɓoye. Alice Mary Norton ta koma Andre Norton a 1934 don ana ganin yara maza ne kasuwar irin labaranta, kuma ba za su sayi littafin mace ba. Ursula Le Guin, wadda ta rubuta A Wizard of Earthsea a 1968, da wata mujallar maza ta Amurka za ta buga labarinta a 1969 sai aka roƙe ta a sa U.K. Le Guin. Har a 1997 ba a daina ba: mawallafan Harry Potter ne suka nemi Joanne Rowling ta koma J.K., don kada yara maza su ga sunan mace su ajiye littafin.

Ba kowacce ce aka tilasta ba. Catherine Moore, wadda ta ƙirƙiro jaruma mai takobi Jirel a 1934 a mujallar Weird Tales, ta ce ita ta sa C.L. Moore ne don kada bankin da take wa aiki ya gane tana rubutu. Amma sakamakon ɗaya ne. Yaro ya taso yana karanta rubutun mata yana zaton na maza ne, ya girma ya rantse mata ba su iya wannan fanni ba.

Abin dariyar da ya fi kowanne ya faru ne a 1975. Wani fitaccen marubuci, Robert Silverberg, ya rubuta gabatarwa ga littafin James Tiptree Jr., ya ce masu raɗe-raɗin cewa Tiptree mace ce ba su san abin da suke faɗa ba, don shi yana jin namijintaka ƙarara a cikin rubutun. Ba a daɗe ba asiri ya tonu. Tiptree wata dattijuwa ce mai suna Alice Sheldon.

"Su soyayya suke nema, ba zurfin labarin ba"

Wannan shi ne kuɗin goron da aka fi yi wa mata. Wai namiji yana karantawa don tarihin sarakuna da harsunan da Tolkien ya ƙirƙira da tsarin yaƙi, mace kuwa tana tsallake shafuka ne tana neman inda Aragorn zai haɗu da Arwen.

A 1958 wata mata mai suna Rhona Beare ta rubuta wa Tolkien wasiƙa a madadin wasu abokan karatunta, da jerin tambayoyi. Ɗaya daga ciki ita ce: kai ka ce jinsin Elf, wasu halittu masu kama da mutane da ba sa tsufa, ba sa sa wa doki linzami, to yaya aka yi dokin Glorfindel, ɗaya daga cikinsu, yake da linzami a lokacin da ya zo ceton Frodo? Tolkien ya amsa cewa ta yi gaskiya, sakaci ne daga wajensa. A bugu na gaba aka cire linzamin aka sa ragama. Amsar tana nan cikin kundin wasiƙunsa da aka buga a 1981. Wato duk wanda ke riƙe da littafin yau, gyaran wata mace yake karantawa a wannan layin, macen da ta lura da abin da ke bakin doki a cikin shafuka sama da dubu.

Sannan ko da a ce wata ta zo don soyayyar, laifin me ta yi? Labarin da Tolkien ya fi ƙauna a duk abin da ya rubuta na soyayya ne, na Beren da Lúthien, inda macen ce ta je ta kuɓutar da namijin daga kurkukun Sauron. A maƙabartar Wolvercote da ke Oxford, an rubuta Lúthien a ƙarƙashin sunan matarsa Edith, wadda ta rasu a 1971, aka ƙara Beren a ƙarƙashin nasa a 1973. Idan son wannan ɓangaren alama ce ta rashin zurfi, marubucin ne farkon wanda zai faɗi jarrabawar.

Masu cewa halitta ce kuwa, wai Allah ya yi namiji da son labarin dodanni da tsafi, mace da son labarin aure, su waiwayo gida. A wajenmu wa yake ba da labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo da 'yar sarkin aljanu? Kaka ce da inna da yaya, da dare bayan an ci tuwo. Magidanci ya zauna yana "ga ta nan ga ta nanku" ai sai a fara yi masa kallon wani iri. Abin da Bature ya ɗauka gadon maza, mu a nan aikin mata muka ɗauke shi. Halitta ba ta sauyawa don an tsallaka teku, al'ada ce ke yin haka.

"Lokacin da ake mana dariya kuna ina?"

Wannan ce hujjar da nake jin tausayin masu ita, don akwai ciwo na gaske a ƙarƙashinta. Su ma mazan an yi musu nasu kuɗin goron. An daɗe a ƙasashen Turawa ana zana mai son almara a matsayin ƙato mai halin yara, wanda ba ya wanka, ba ya iya yi wa mace magana, yana ɗakin iyayensa yana haddace sunayen sarakunan da ba a taɓa yi ba. Tun a 1955 wani mai sharhi, Edwin Muir, ya rubuta a jaridar Observer cewa jaruman Tolkien yara ne da suka yi shigar manya, kuma da wuya a samu wanda ya san wani abu game da mata a cikinsu. Maganar a kan jaruman aka yi ta, amma masu karatun ta fi bi.

Yaron da aka tsangwama a makaranta saboda littafin nan, ya girma ya ga abin ya zama yayi, fim ɗin Jackson na uku ya kwashe lambar yabo ta Oscar 11 a 2004, kowa ya zama masoyi dare ɗaya, dole ya ji wani abu a ransa. Na fahimci wannan. Inda na rabu da shi shi ne wanda ya zaɓa ya huce a kansa. Yarinyar da take karanta littafin a waccan makarantar tsangwama biyu ta sha: ta waɗanda ke ganin littafin shirme ne, da ta waɗanda ke ganin littafin nasu ne.

Kuma ba maza kaɗai ke wannan rabon ba. A 2011 wata mai sharhi a New York Times, Ginia Bellafante, ta kira shirin almara na talabijin Game of Thrones labarin yara maza, ta ce ita ba ta taɓa haɗuwa da macen da za ta tashi a majalisar karatu ta dage sai an karanta The Hobbit ba. Mata masu karatun almara suka yi mata ca. Ita da abokin ɗan yayata magana ɗaya suke yi, ɗaya yana ganin abin ya fi ƙarfin mace, ɗaya tana ganin mace ta fi ƙarfin abin.

"To a watsar da littattafan mana"

Akwai masu cewa tunda haka ne, tsofaffin littattafan nan na raina mata ne, a bar su a koma sababbi. Ban yarda ba, ko da yake ba duka nake karewa ba.

A ɗauki Éowyn, wata 'yar sarauta a The Lord of the Rings. Ana tuna ta da kashe Sarkin Matsafa, babban kwamandan Sauron, a filin yaƙin Pelennor bayan ta yi shigar maza ta bi rundunar a ɓoye. Ni wurin da ya fi tsaya mini a rai ya riga wannan. Aragorn yana lallashinta ta zauna ta kula da jama'a, yana kawo mata maganganu masu daɗi game da jarumtar da ba a yi wa waƙa. Ta ce masa duk zancen nan nasa ma'anarsa ɗaya ce, ke mace ce, wurinki cikin gida, idan maza sun mutu a fagen fama da daraja sai a ba ki izinin ƙonewa tare da gidan tunda ba su da sauran buƙatarsa. Ya tambaye ta me take tsoro, ta ce keji. Farfesan da ake cewa bai san komai game da mata ba shi ya sa wannan a bakinta, kuma bai ba Aragorn amsar da ta kayar da ita ba. Wasu na jin haushin yadda daga baya ta ajiye takobi ta auri Faramir ta ce za ta koma warkar da mutane. Ni ban ga faɗuwa a nan ba, don a duniyar Tolkien mai warkarwa ya fi mai kisa daraja, shi kansa Aragorn da hannun warkarwa mutanen birni suka gane shi ne sarki.

Lewis kuwa ina da ƙorafi a kansa. A littafin Narnia na ƙarshe, na 1956, an bar Susan, ɗaya daga cikin yara huɗu jaruman labarin, a waje, 'yan uwanta uku suka shiga ƙasar Aslan, wato aljannar labarin, ba ita, aka ce yanzu ba abin da ke gabanta sai jan baki da safar gayu da gayyatar liyafa. Masu kare shi suna cewa laifinta juya wa Narnia baya ne, ba kwalliya ba, kuma shi da kansa ya rubuta wa wani yaro a 1957 cewa mai yiwuwa ta isa can ta hanyarta. Na ji. Amma ƙaninta Edmund cin amanar 'yan uwansa ya yi saboda alewa, aka yafe masa a cikin littafi ɗaya. Ita da za a nuna ɓatanta sai aka ɗauko kayan kwalliyar 'yan mata. Yarinya mai shekara 13 da ta karanta wannan ta san saƙon da aka aika mata.

Hanyar Le Guin ta fi burge ni. A Earthsea na farko makarantar matsafa ta maza ce zalla, har da karin maganar mutanen ƙasar da ke kwatanta duk abu mai rauni ko mugunta da tsafin mata. Mace ce ta rubuta haka, don haka ta tarar ana rubutawa. Ba ta janye littafin ba, ba ta goge layin ba. Sai a 1990 ta dawo da Tehanu, ta ba da labarin wannan duniyar ta idon wata bazawara mai renon yarinyar da aka ƙona, ta bar mai karatu ya ga wa waccan karin maganar take yi wa amfani.

"Mu asalin littafi muke karewa"

Wannan ta taso da ƙarfi a 2022, da kamfanin Amazon ya fito da shirin The Rings of Power aka ga Galadriel, babbar uwargidan jinsin Elf, sanye da sulke tana sara da takobi. Aka yi ta kururuwa cewa an lalata Tolkien don a faranta wa mata.

Kishin asalin littafi ba laifi ba ne, ni ma ina da shi. Jackson ya sauya halin Faramir, ya cire Tom Bombadil, ya cire babin da su Frodo suka koma gida suka tarar an mamaye ƙasarsu, ya kawo rundunar Elf yaƙin Helm's Deep inda littafi bai kai su ba. An yi gunaguni a kan duk waɗannan, amma gunagunin bai hana a rungumi fina-finan ba. Shirin Amazon ma yana da abin suka da yawa: tarihin dubban shekaru aka matse cikin rayuwar mutum ɗaya, zancen jaruman sau da yawa ba shi da gishiri, kuma an mayar da Galadriel mai saurin fushi kamar budurwa alhali a lokacin ta girmi kusan kowa a labarin. Duk wanda ya kawo waɗannan zan zauna mu tattauna.

Takobin ne dai bai kamata a kafa hujja da shi ba. A watan Maris na 1973, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, Tolkien ya amsa wasiƙar wata mata da ta yi masa tambaya a kan Galadriel, ya ce a ƙuruciyarta halin mayaƙan mata gare ta, takan naɗe gashinta a ka kamar kambi idan za ta shiga wasannin ƙarfi. A rubuce-rubucensa na ƙarshe, waɗanda ɗansa Christopher ya tattara a Unfinished Tales a 1980, ya ce ta yi faɗa da ƙarfinta a birnin Alqualondë tana kare dangin mahaifiyarta. Waɗanda suka fi ɗaga murya a kan sulken, Galadriel ɗin fim ɗin Jackson suke karewa, mai farar riga da tafiya a hankali, suna zaton ta littafi ce.